Yadda malami zai shirya ɗaliban Zango domin gasar kacici-kacici a kan Ghana

Idan ranar 6 ga Maris, ranar 'yancin Ghana, ta ƙarato, ko aka zo bikin rufe makaranta, ba a rasa wata makarantar Islamiyya ko ƙungiyar matasa a unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase ko Sawaba da za ta shirya gasar kacici-kacici a kan tarihin ƙasa da labarin ƙasa. Abin da malamai da yawa suka saba yi shi ne su rubuta tambayoyi ɗari da amsoshinsu a takarda, su raba wa yara su haddace. Yaranmu gwanaye ne wajen hadda, amma wannan hanya takan ba da su a ranar gasa, domin da zarar alƙali ya juya tambayar ta wata fuska, sai yaro ya tsaya yana laluben jimlar da ya haddace bai same ta ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗora kowane bayani a kan taswira, a kuma haɗa shi da dalilinsa.

Malam, ka fara da sa kowane ɗalibi ya zana Ghana da hannunsa, ba tare da ya kwafa daga littafi ba, ko da zanen zai fito a karkace. Ya sa Kodebuwa a yamma, Burkina Faso a arewa, Togo a gabas, tekun Atlantika a kudu, sannan ya rubuta faɗin ƙasar, wato kimanin murabba'in kilomita 238,500. Daga nan sai ya jawo koguna, domin su ne ƙashin bayan taswirar. Baƙin Volta da Farin Volta duka daga Burkina Faso suke gangarowa, kogin Oti kuma ya shigo ta gefen Togo, su ukun su zuba a tafkin Volta. Ka tabbatar ɗalibi ya gane cewa wannan tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500 ɗan Adam ne ya samar da shi, lokacin da aka datse kogin a Akosombo aka kammala madatsar a 1965, domin samar da wutar lantarki, musamman ga masana'antar narka alminiyom ta Tema. Ruwan ya tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu, kuma tsohon garin Kete-Krachi, wanda ya yi suna da malamai da fatake Hausawa, yana cikin wuraren da ya cinye. Alƙalan gasa suna son haɗa Volta da Bosomtwe domin su ruɗa yaro, saboda haka a bambance su tun da wuri: Bosomtwe, da ke kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, tafki ne na halitta, kuma ramin da wani dutse ya haƙa bayan ya faɗo daga sama tun kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce shi ne ya cika da ruwa.

Wajen yankuna ne tsofaffin littattafai suka fi yaudarar yara. Duk littafin da ya ce yankunan Ghana goma ne, an buga shi kafin ƙuri'ar raba-gardama ta Disambar 2018. Yanzu yankuna 16 ne, kuma sababbin shida da hedikwatocinsu sun cancanci darasi guda na musamman: Savannah da Damongo, Arewa Maso Gabas da Nalerigu, Oti da Dambai, Bono ta Gabas da Techiman, Ahafo da Goaso, sai Western North da Sefwi Wiawso. Amsoshi biyu da aka daɗe ana bayarwa sun sauya. Yankin da ya fi kowanne faɗin ƙasa yanzu shi ne Savannah, kuma ƙidayar 2021, wadda ta nuna mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, ta nuna yankin Accra ya ɗan zarce na Asante yawan jama'a. Sauran ƙananan bayanai, irin su dutsen Afadjato da littattafan makaranta suka ba wa tsawon mita 885, da layin Greenwich da ya ratsa ta Tema, ɗigo ɗaya a taswira ya ishe su.

Da an gama wannan, sai a ja layin ruwan sama, kuma a ganina wannan layi ya fi kowane muhimmanci a duk shirin. Kudancin ƙasar yana samun damina biyu a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, alhali arewa damina ɗaya take samu, sai rani mai tsawo da hunturu. Yankin Axim a kudu maso yamma ya fi ko'ina samun ruwa, filayen da ke kewaye da Accra kuwa, duk da suna bakin teku, ruwansu kaɗan ne. Ɗalibin da ya riƙe wannan ba ya buƙatar haddace jerin amfanin gona, domin zai iya gano amsar da kansa. Koko da goro da kwakwar manja da roba da ayabar dafuwa suna son inuwa da laima, don haka a dajin kudu suke. Gero da dawa da gyaɗa da kaɗanya suna jure fari, don haka a arewa suke. A tsakani, wajen Techiman da Kintampo da Atebubu da Wenchi, ƙasar doya ce da masara da yazawa. Idan da hali, a ɗauki yaran a zaga da su kasuwar Kejetia ko wata kasuwar unguwa, su tambayi masu kaya daga ina kowane abu ya fito. A nan za su ji cewa yawancin albasar da ake sayarwa daga Nijar take zuwa, duk da ana nomanta a Bawku, kuma tumatirin rani da yawa daga Burkina Faso ake shigo da shi, abin da littafin makaranta ba kasafai yake faɗa ba.

Koko shi ya fi kowane amfanin gona fitowa a tambayoyi, saboda haka a ba shi lokaci. Tetteh Quarshie, wani maƙeri ɗan ƙabilar Ga, shi ne ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem. A kula, domin akwai wata Mampong a nan ƙasar Asante, kuma yaron Kumasi ita zai fara tunawa. 'Yan mishan na Basel sun gwada shuka koko kafin shi, amma gonarsa ce ta yi albarka har manoma suka riƙa sayen iri daga gare shi. Zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, ta riƙe wannan matsayi har cikin shekarun 1970, lokacin da Kodebuwa ta sha gabanta. An buɗe cibiyar binciken koko a Tafo a 1938, aka kafa hukumar sayensa a 1947. Yana da kyau kuma yaro ya san yadda aikin yake a gona, wato a fasa kwanson, a tara 'ya'yan a lulluɓe su da ganyen ayaba kusan kwana shida har su yi tsami, sannan a shanya su a rana a kan tabarmi. Ranar Manoma ta ƙasa, da aka fara a 1985, yawanci ana yinta ne a Juma'ar farko ta watan Disamba.

Goro kuwa labarin gidanmu ne, kuma abin kunya ne ɗan Zango ya faɗi a kansa. Tun kafin zuwan mulkin Turawa, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suke ratsowa ta ƙasar Borgu da jakuna, ƙarƙashin jagorancin madugu, ɗauke da tufafi da fatu da kanwa, su sauka a Salaga ta ƙasar Gonja su sayi goron da aka kawo daga dajin Asante. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan hanyar ya raunana, ciniki ya karkata zuwa Kintampo, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake da malamai zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa. Ka sa ɗalibi ya zana wannan hanya a taswirarsa, ya kuma tambayi kakansa ko wani dattijon unguwa ta ina iyayensu suka shigo.

Wuraren bauta suna buƙatar hikimar malami, domin wasu iyaye ba sa son jin an ambaci gidan tsafi a aji. A gaya musu tun farko cewa tarihi ake koyarwa, kuma mutanen da muke zaune a ƙasarsu suna girmama waɗannan wurare, don haka yaro ya koyi ambatonsu ba tare da izgili ba. Gine-ginen gargajiya na Asante, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980, gidajen tsafi ne guda goma a ƙauyukan da ke kewaye da Kumasi, kuma na Besease kusa da Ejisu shi ya fi sauƙin ziyarta. An gina su da itace da laka, da ado a jikin bango, kuma ɗakuna huɗu ne suke kewaye tsakar gida: na makaɗa, na mawaƙa, na masu girki, da ɗaki na huɗu a rufe wanda boka da hadimansa kaɗai ke shiga. Darajarsu ita ce su ne ragowar irin ginin da ya cika Kumasi kafin yaƙe-yaƙen Turawa su rushe shi. A arewa akwai wurin bautar Tengzug a duwatsun Tongo, da majami'ar laka ta Katolika a Navrongo. Masallacin Larabanga, kusa da Damongo da gandun dajin Mole, shi ake ɗauka mafi tsufa a ƙasar, kuma ruwayar mutanen garin ta kai gininsa zuwa 1421, don haka a koya wa yaro ya ce haka ruwaya ta zo. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a Accra, wanda Turkawa suka gina bisa salon Usmaniyya, an buɗe shi a 2021. Wani abin da kan ba yara mamaki shi ne akwai gidan ibadar Hindu a Odorkor cikin Accra, wanda aka kafa a 1975 ƙarƙashin jagorancin wani ɗan Ghana, Swami Ghanananda. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci kusan kashi 71 cikin ɗari ne, Musulmi kuma kusan kashi 20.

Tambayoyin wa ya fara su ne suka fi kayar da ɗalibai, kuma sau da yawa kuskuren yana cikin yadda aka tsara jimlar. Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, amma ba ita ce ƙasar Afirka ta farko mai 'yanci ba, domin Laberiya tana da nata tun 1847, Sudan da Maroko da Tunisiya kuma sun samu a 1956. Abin da aka saba faɗa shi ne ita ce ta farko cikin ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara da ta karɓi mulki daga hannun 'yan mulkin mallaka. Haka nan Kwame Nkrumah firaminista ne a 1957, bai zama shugaban ƙasa ba sai ranar 1 ga Yuli 1960 da ƙasar ta zama jamhuriya. Kofi Annan, haifaffen Kumasi, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, shi ne baƙar fata na farko a kujerar, amma Boutros-Ghali na Masar ya riga shi a matsayin ɗan Afirka. Ka horar da yara su saurari tambaya har ƙarshenta kafin su ɗaga hannu, su kuma lura ko na farko a Ghana ake nufi, ko a Afirka, ko a duniya.

Sauran na farkon a jera su bisa shekaru a gefen allo, a bar su a can har ranar gasa. Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a 1482. An kafa makarantar sakandare ta farko, wadda ta zama Mfantsipim, a 1876, kuma a shekara mai biye aka mayar da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Accra. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903. Ɗan dambe Clement Quartey ya ciyo wa ƙasar lambar Olamfik ta farko, ta azurfa, a Roma a 1960, Black Stars ta ɗauki kofin Afirka na farko a 1963, kuma a 2009 matasan Ghana 'yan ƙasa da shekara 20 suka zama 'yan Afirka na farko da suka ci kofin duniya na wannan rukuni, bayan sun doke Brazil a Masar. Alhaji Aliu Mahama shi ne Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa, a 2001. A ɓangaren mata, Georgina Wood ta zama babbar jojin ƙasa a 2007, Joyce Bamford-Addo ta zama kakakin majalisa a 2009, Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang kuma ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a Janairun 2025.

A makon ƙarshe, a daina ƙara sabon bayani. Ka raba ɗaliban gida biyu, kowane ɓangare ya tsara wa ɗayan tambayoyi, da sharaɗin cewa kowace tambaya sai an yi ta ta fuska biyu: idan an tambayi wa ya kawo koko, a sake tambayar me ya faru a Mampong ta Akuapem a 1879. Duk amsar da ta shafi mai riƙe da muƙami a yanzu, ko yawan jama'a, ko farashin koko, a sake tabbatar da ita a labarai na kwanan nan, a kuma rubuta shekararta a gefe, domin idan gardama ta tashi da alƙalin gasa, malami ya iya nuna shekarar da amsarsa ta dogara a kai.