Yadda ake juyin Cruyff a kan yashin Yamai

Duk wanda ya taɓa buga gefe a filayen Bukoki ko Talaje ya san wannan hali: ka ɗauko ƙwallo da gudu, ɗan baya ya manne maka kamar kaska, ga layi a gabanka, ba hanya. Yawancin yara a nan sai su ɗirka ta duk inda ta faɗa. To akwai yanka guda da zai ba ka taku biyu ko uku na sarari, kuma ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da dutse ɗaya.

Sunan ya samo asali daga Johan Cruyff na Holand. A gasar cin kofin duniya ta 1974 a Jamus ta Yamma, ranar wasansu da Suwidin a Dortmund, ya yi wa ɗan bayan Suwidin, Jan Olsson, wannan juyi a gefen hagu, ya bar shi yana tangaɗi. Wasan ya tashi babu ci, amma har yau juyin ake tunawa.

Fara da ƙwallo a tsaye. Idan da dama kake bugu, dasa ƙafar hagu a gefenta, ta ɗan wuce ta gaba kaɗan. Wannan ɗan wucewar ita ke buɗe hanya ta bayan dunduniyarka. In ka dasa ta a baya, ƙwallon za ta bugi ƙafarka, a yi maka dariya har a fada wajen shayi.

Sai ƙarya, kuma a nan aikin yake. Ɗaga ƙafar dama baya kamar za ka jefa ƙwallo gaban raga da dukan ƙarfinka. Ware hannun hagu, ɗaga kai ka dubi inda za ka jefa, har ka kira sunan wani in kana so. Ɗan baya ba ƙwallo kaɗai yake kallo ba, yana karanta cinyarka da kafaɗarka. Da ya yarda bugu ne, zai miƙa ƙafa ya tare ko ya juya baya, nauyinsa duk ya tafi gefe ɗaya. Na sha ganin yara sun iya jan ƙwallon tsaf, amma ƙafar ba ta tashi ko taƙi ɗaya ba kafin su ja. Wa za su ruɗa? Ɗan bayan yana tsaye yana jiransu.

Yanzu maimakon bugu, zagayo da ƙafar ta gaban ƙwallon, ka sa cikin ƙafa wajen babban yatsa, ka ja ta ta bayan ƙafar hagu. Gwiwa a lanƙwashe, jiki ƙasa ƙasa. Juya ta hagu ka bi ta, bayanka na tsakaninta da ɗan bayan.

Ga abin da bidiyon YouTube ba zai gaya maka ba. Waɗancan a kan ciyawa suke yi, irin ta filin Seyni Kountché, inda taɓawa kaɗan ta isa. A yashinmu ƙwallo nutsewa take, ka juya ka tarar ta maƙale a ƙarƙashinka. Don haka ja da ƙarfi, ta yi kamar mita ɗaya da rabi. A wurin da ƙasa ta yi tauri kuwa, rage hannu, in ba haka ba ka kai wa wani kyauta.

Kana juyawa, tura ta da wajen ƙafar hagu ka tashi da gudu. Taku ukun farko su ne ribar. Wanda ya juya ya tsaya jiran tafi, an riga an cim masa.

Wajen horo, ajiye dutse ko bidon ruwa a matsayin ɗan baya. Yi ashirin a tsaye, ashirin kana tafiya, sannan da sassarfa. Koma ƙafar hagu ka maimaita, ko da za ka ji kamar ba taka ba ce. A watan Afrilu da Mayu bari sai bayan La'asar, rana ba wasa take ba. Bayan kwana biyu ka samo aboki ya bi ka kafaɗa da kafaɗa, da farko ban da taɓa ƙwallo, daga baya ya ƙwace in ya iya.

Kuma ƙanena, kafin ka juya leƙa bayanka. Idan akwai na biyu yana biye, kai tsaye hannunsa za ka faɗa. Kada ka gwada a gaban ragarku, wurinsa gefe ne ko bakin ragar abokan karawa. In ka yi wa mutum sau ɗaya, karo na biyu jefa ƙwallon da gaske, don yanzu juyin yake jira.