Yanda zaka fara bin shirye-shiryen ƙwallon Ostiraliya a talabijin ba tare da kanka ya kulle ba

Ni dai wani ɗan guntun bidiyo ne ya jawo ni cikin harkar nan, wani ƙato ya sheƙo da gudu ya taka kafaɗar ɗan uwansa da gwiwa ya tashi sama ya cafe ƙwallo kamar shaho ya ɗauki ɗan tsako, kuma alƙalin wasa ko a jikinsa, ashe ma kyautar bugu ake ba wanda ya yi hakan. Na ɗauka rugby ne. Daga baya na gane wasan daban ne, su can suna ce masa footy, babbar gasarsu kuma AFL mai kulob 18. Kuskuren da na yi shine na faɗa kan shirin hira kai tsaye, mutum huɗu a kan tebur suna ta musu suna ƙyalƙyala dariya kusan awa guda, wallahi ko abu ɗaya ban tsinta ba, data kawai na ƙona. Toh don kar kai ma ka yi irin asarar, ga yanda ya kamata ka bi abin.

Kafin ka taɓa kowane shiri ka fara koyon karanta sakamako, don duk surutun da za su yi a kansa yake tafiya. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili, babu raga babu gola. In ka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ba wanda ya taɓa ta, maki 6 kenan. In ta bi ta gefe ko ta daki sanda ko wani ya taɓa ta kafin ta wuce, maki 1. Shi yasa zaka ga lamba uku a gaban kowane kulob: yawan na tsakiya, yawan masu maki 1, sai jimlar maki a cikin baka. Ɗauki wasan ƙarshe na 2023, Collingwood 12.18 (90), Brisbane Lions 13.8 (86). Kaga Brisbane ta fi zura na tsakiya, 13 da 12, amma ƙananan makin nan 18 da Collingwood ta tara su suka ba ta kofi da tazarar maki 4. In ka gane wannan lissafin rabin wahalarka ta ƙare. Sauran dokokin a guje: mutum 18 kowane ɓangare, fili mai siffar ƙwai kamar ƙwallon kanta, zango huɗu na minti 20 banda lokacin da ake tsayar da agogo, babu satar gida, ba a jefa ƙwallo da hannu sai dai ka ɗora ta a tafi ka naushe ta, in kana gudu da ita dole ka buga ta ƙasa duk mita 15, in kuma ka cafe bugun da ya yi tafiyar mita 15 bai taɓa ƙasa ba shine mark, sai a ja baya a baka wuri ka buga. In kaji 'yan kallo sun haɗa baki sun kwarara ihu "ball", suna cewa ne an kama mutum da ƙwallo bai sake ta ba, a hukunta shi.

Sai maganar inda zaka kalla. Tasha biyu ne ke riƙe da wasannin, Seven wadda take kyauta a can, da Fox Footy ta kuɗi da ke ƙarƙashin Foxtel, yarjejeniyarsu daga 2025 zuwa 2031 ta kai dalar Ostiraliya biliyan 4.5, kaga ba ƙaramar harka bace. Manhajojinsu na cikin gida irin su 7plus da Kayo an kulle su ga wanda yake wajen ƙasar, kar ka wahalar da kanka. Abinda aka yi domin mu na waje shine Watch AFL, ana biyan kuɗi, kuma bayan wasannin kai tsaye akwai maimaici da shirye-shiryen Fox Footy a ciki. In aljihu bai kai ba, shafin AFL a YouTube da afl.com.au suna saka taƙaitaccen kowane wasa, ni da su na yi kusan kaka guda kafin na sa ko sisi. Gidan kallo kuwa ka manta, na taɓa tambayar mai gidan kallon unguwarmu ko zai kamo min, kallon da ya yi min kamar na ce ya sa min wasan langa.

Wani tarko kuma, a Sydney da Brisbane in mutum ya ce footy sau da yawa rugby league yake nufi, gasar NRL, har akwai lokacin da tashar Nine take da shiri biyu masu suna iri ɗaya The Footy Show, ɗaya na wannan ɗaya na wancan. In kana bincike ka dinga haɗawa da AFL.

Lokaci shine babban aiki. Kakar wasa daga Maris zuwa Satumba take, kuma daga farkon Afrilu zuwa farkon Oktoba Melbourne tana gabanmu da awa 9 in kana Najeriya ko Nijar, in kana Gana ka ƙara ɗaya. Wasan daren Juma'a da suke ji da shi ana farawa wajen 7:40 na dare a can, wato 10:40 na safen Juma'a a nan, kuma wasa yakan ci kusan awa uku, kaga zangon ƙarshe zai zo maka daidai lokacin da kake neman farar riga da hula zaka tafi masallaci, sai ka haƙura ka kalli maimaici da yamma amma dan Allah kar ka leƙa Facebook ko X kafin nan. Wasan ƙarshe kuma da aka saba yi Asabar ɗin ƙarshen Satumba a filin MCG na birnin Melbourne mai cin mutum dubu 100, ƙarfe 2:30 na rana ake tashi a can, 5:30 na asuba a nan, kana idar da sallah sai ka dawo ka zauna da shayinka, ka dai yi cajin waya tun dare don ba'a san halin wuta ba.

Yanzu shirye-shiryen kansu. Abinda na daɗe ban gane ba shine sati gaba ɗaya a tsare yake, kowace rana da irin maganarta. Lahadi da Litinin ana fiɗar wasannin da aka buga, wa ya ci wa ya sha kashi wane koci ne kujerarsa ke rawa. Talata ana maganar hukunci, don a wannan wasan babu jan kati, in ka yi wa mutum mugunta zaka ƙarasa wasanka, sai daga baya jami'in bitar wasa ya duba bidiyo ya yanke maka dakatarwa, in kulob bai yarda ba a tafi kwamitin shari'a, kuma zaman nan kansa labari ne da ake kwana ana tattaunawa. Alhamis ake fitar da sunayen waɗanda za su buga ƙarshen mako. In ka san wannan, da ka kunna shiri ka san me zaka tarar.

Na farkon da zan ce ka gwada shine AFL 360 na Fox Footy, tun 2010 ake yinsa, Gerard Whateley ne ginshiƙinsa, mutum ne mai magana a natse yana fitar da kalma ɗaya bayan ɗaya, wanda hakan ba ƙaramin taimako bane don Turancin Ostiraliya in suka saki baki sai ka rantse hanci suke magana da shi. Shekaru da yawa shi da ɗan jarida Mark Robinson suke yi, daga 2025 Garry Lyon tsohon kyaftin ɗin kulob ɗin Melbourne ya hau kujerar. Suna kawo kociyoyi da 'yan wasa su zauna a yi musu tambaya. On the Couch na daren Litinin ya fi zurfi, tsofaffin 'yan wasa ne ke tsayar da bidiyo suna nuna maka wa ya bar wurinsa, wa ya ƙi bin mutuminsa, wannan ka bari sai ka kalli cikakken wasa kamar biyar tukunna. Footy Classified na Nine da aka fara 2007 shi kuma na siyasar harkar ne, kwantiragi, rigimar shugabannin kulob, wa zai koma ina, in kana son irin gulmar kasuwar 'yan wasa nan ne gidanka.

The Front Bar na Seven ni shi na fi so amma ba zan ɓoye maka ba, an gina wurin kamar mashaya ne, Mick Molloy da Sam Pang da Andy Maher suna zaune da kofunan giya a gabansu, in hakan bai kwanta maka ba ka tsallake, haka kuma tallan caca ya yi yawa a harkar wasan nan gaba ɗaya. Abinda ya sa nake kallo shine baƙin da suke kawowa, tsofaffin taurari su zo a tono musu bidiyon shekarun 1970 da 1980 ana tsokanarsu, a nan zaka ji sunaye irin su Tony Lockett da ya zura ƙwallon tsakiya 1,360 wanda har yau ba'a kamo shi ba, kuma a nan zaka gane dalilin da yasa duk wanda ba ɗan Collingwood ba yake jin daɗi in an lallasa Collingwood.

In kuma kana son tushen abin ka nemi tsofaffin bidiyon World of Sport, shirin ranar Lahadi da Seven ta yi a Melbourne daga 1959 zuwa 1987, su tsofaffin 'yan wasa Lou Richards da Jack Dyer, duk wani shirin raha na yau jikansa ne. The Footy Show na Eddie McGuire da Sam Newman ya yi zamani daga 1994 zuwa 2019, ya tara jama'a sosai amma ya tara abin kunya ma, a 1999 Newman ya shafa baƙin fenti a fuska yana kwaikwayon ɗan wasa Nicky Winmar, ɗan ƙabilun asalin ƙasar da Turawa suka tarar (Aborigine). Shi yasa nake ganin ya kamata ka haɗa da Marngrook Footy Show, wanda 'yan asalin Ostiraliya suka yi da kansu, ya fara a rediyo ya koma talabijin a 2007 aka tsayar da shi 2019, sannan Yokayi Footy ya biyo baya a tashar NITV a 2020. Sunan Marngrook daga wani wasan gargajiya ne da suke yi da ƙwallon fatar dabba, wasu na cewa shine ya haifi wasan da aka rubuta dokokinsa a Melbourne a 1859, masana tarihi dai har yanzu suna ja-in-ja a kai.

Ka zaɓi kulob tun da wuri, in ba haka ba duk hirar zata zame maka hayaniya. In kana neman wanda zaka ji kamar naka ne, akwai Aliir Aliir na Port Adelaide, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, akwai Isaac Quaynor na Collingwood da mahaifinsa ɗan Gana ne kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin 2023, kafin su Majak Daw haifaffen Sudan ne ya buɗe ƙofa da ya fara buga wa North Melbourne a 2013. Na mata ma akwai, AFLW tun 2017.

Daren Brownlow kuwa, Litinin ɗin satin wasan ƙarshe, shine shiri mafi ban mamaki da na taɓa gani, kyautar gwarzon shekara ce da ake bayarwa tun 1924, alƙalan wasa ne ke ba da ƙuri'a 3 da 2 da 1 bayan kowane wasa a rufe a ajiye, sai daren nan shugaban AFL ya zauna yana karanto su wasa bayan wasa har a gama kaka gaba ɗaya, 'yan wasa sun sha kwat suna zaune suna zufa kamar masu jiran sakamakon zaɓe. A wajenmu da hantsin Litinin yake kamawa, ka tanadi data mai ɗan yawa don ya fi awa biyu, ka kuma ajiye biro da takarda kusa kana bin lissafin mutuminka da kanka.