Yadda za ka fara haɗa manhajar intanet da wayar da ke hannunka

Ƙannena da dama suna tsayar da ni bayan magariba suna cewa Yaya, wai ta ina ake fara wannan koding ɗin ne, mu ba mu da laftof, ga shi ƙauye muke. Toh ni ma da waya na fara, Android ce mai tsagaggen gilashi, a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Gujungu, inda sai ka kai wayarka shagon mai caji ka biya kafin ka samu ka yi aiki da dare. Don haka abin da zan faɗa hanya ce da na bi da ƙafata.

Kafin ka sauke komai, fara nemo matsalar da za ka warware, ƙarama, ta kusa da kai. Ni tawa ta Kawuna ce, yana sayar da gero da dawa da riɗi a kasuwar Gujungu, kuma in mutane suka yi masa yawa lissafin tiya kaza a kan naira kaza yana ci masa lokaci. Sai na ce bari in haɗa masa shafi guda ɗaya, ya sa yawan tiya, ya sa farashi, ya danna, kuɗin su fito. Kai taka za ta iya zama littafin bashin shago, ko jerin 'yan adashin Inna, ko lissafin buhun taki da kuɗin 'yan ƙwadago na damina. Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne na ga yara da yawa sun yi wata uku suna kallon bidiyo a YouTube, data ta ƙare, in ka ce su rubuta layi biyar da kansu sai hannu ya tsaya.

Abubuwa uku ne ke tsayar da kowane shafin intanet. HTML shi ne ginin, bango da ƙofa da taga. CSS shi ne shafe da fenti. JavaScript kuma shi ne ke sa shafin ya amsa maka in ka taɓa shi, ka danna maɓalli wani abu ya faru, kuma shi ne ya bambanta manhaja da takardar da kawai ake karantawa. Wani Ba'amurke, Brendan Eich, ya ƙirƙiro shi a 1995 a kamfanin Netscape, kuma har yau shi ne yaren da kowace burauza ke ji kai tsaye, Chrome ce ko Firefox ko Opera. Kada sunan ya ruɗe ka da Java, yare ne daban.

Kayan aiki ba su da yawa. In kana da kwamfuta ka sauke VS Code, manhajar rubuta kod ce, kyauta ne. In waya ce ka shiga Play Store ka ɗauko Acode ko Spck Editor, duka suna ba ka damar rubutawa ka kuma ga sakamako nan take ba tare da data ba. Abu na farko da za ka yi a wayar, shiga saitin kibod ka kashe gyaran rubutu da wannan da yake mayar da harafin farko babba, domin JavaScript yana bambanta babban baƙi da ƙarami, harafi ɗaya ya sauya shikenan komai ya tsaya cak. In ka samu 'yan kuɗi ka sayi kibod na USB da igiyar OTG, in wani zai shiga Kano ka ba shi saƙo ana samu a Farm Centre, wallahi sauƙin da zai kawo maka ba kaɗan ba ne.

Buɗe fayil ka sa masa suna index.html. A sama cikin head, wato sashen kan fayil da ke ɗauke da saitin shafin, ka tabbata ka sa layin nan: meta charset="UTF-8". Shi ne zai sa ƙ da ɗ da ɓ da alamar ₦ su fito daidai, in babu shi wani lokacin sai ka ga wasu alamomi marasa kan gado a maimakon haruffanmu. Ka ƙara layin viewport shi ma don shafin ya zauna daidai faɗin waya, tunda duk masu amfani da abinka da waya za su buɗe. Sannan a cikin body, wato sashen abin da ke fitowa a allo, ka rubuta wannan:

<input id="tiya" type="number">
<input id="farashi" type="number">
<button id="lissafa">Lissafa</button>
<p id="amsa"></p>

Akwati biyu ne na sa lamba, da maɓalli ɗaya, da fili inda amsa za ta fito. Kaga id ɗin duk da Hausa na sa, kuma ya halatta, kwamfuta ba ruwanta da yaren da ka raɗa wa abu suna, sai dai ka guji haruffa masu lanƙwasa a cikin sunan don sauƙin bugawa. In ka buɗe yanzu za ka ga komai ya fito amma in ka danna maɓallin ba abin da zai motsa. Nan JavaScript ke shigowa. A ƙasan waɗancan layukan, cikin script, wato sashen da ake rubuta JavaScript, ka sa:

document.getElementById("lissafa").addEventListener("click", function () {
  const tiya = Number(document.getElementById("tiya").value);
  const farashi = Number(document.getElementById("farashi").value);
  document.getElementById("amsa").textContent = "₦" + tiya * farashi;
});

Karanta shi kamar kana aiken yaro. Je ka nemo maɓallin da ake kira lissafa, ka zauna kusa da shi kana saurare, duk sanda aka danna shi ka duba abin da aka rubuta a akwatin tiya da na farashi, ka ninka su, ka rubuta amsar a fili. Wannan tsarin na nemo abu, saurari taɓawa, sauya abin da ke kan allo, shi ne ƙashin bayan duk wata manhaja da kake gani, har manya irin su Facebook, sai dai nasu ya fi yawa ne kawai. Ka buga shi da hannunka, kar ka kwafa ka manna, kuma ka tabbata script ɗin yana ƙasa, don in ya riga akwatunan zuwa zai nemi maɓallin ya rasa ya ba ka null, wato babu komai.

Bari in tsaya a kan wannan Number ɗin domin ya taɓa ba ni wahala sosai. Farkon da na rubuta ban sa shi ba kuma ninkawa ta yi aiki lafiya lau. Sai Kawu ya ce "ɗana, ƙara mini wajen kuɗin dako mana." Na ƙara akwati na uku na haɗa da alamar tarawa. Muka gwada a rumfarsa, tiya 12 a kan naira 2000 ya ba da 24000, muka sa dako 500, sai ga allo ya nuna 24000500. Kwana biyu ina neman inda matsalar take. Ashe duk abin da aka buga a akwati, JavaScript yana karɓarsa a matsayin rubutu ne, in ka ce ninka zai mayar da shi lamba da kansa, amma alamar tarawa in ta haɗu da rubutu sai ta jera su kusa da juna kawai. Number ne ke ce masa wannan lamba ce. Tun daga ranar na koyi buɗe konsol, wato wajen da burauza ke faɗa maka kuskurenka da lambar layin da yake. A kwamfuta F12 za ka danna, a Acode ma akwai shi. Jan rubutun nan da Turanci yake zuwa, kar ya tsorata ka, ka karanta a hankali, in ka kasa ka kwafe shi ka nema a Google, da wuya ka zama na farko da ya gamu da shi.

CSS ba zan daɗe a kai ba. Ka ƙara girman rubutu da na maɓalli yadda babban yatsa zai danna ba kuskure, ka sa baƙi a kan fari saboda a rana ake amfani da shi a kasuwa. Ado ya jira.

In wannan ya zauna, mataki na gaba shi ne ajiya, domin yanzu da ka rufe shafin komai ya tafi. Burauza tana da wata 'yar ma'ajiya da ake kira localStorage, tana ɗaukar wajen megabait 5, ya ishi sunayen masu bashi na shekaru. Nan za ka koyi jerin abubuwa da ake ce wa array, da yadda ake bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, da JSON.stringify mai mayar da jerin ya zama rubutu kafin a ajiye. Amma ka gaya wa mai shagon gaskiya, bayanan a cikin wayar nan kaɗai suke, in aka goge bayanan burauza ko wayar ta ɓata sun tafi, don haka kar ya yar da littafinsa na takarda. Haƙƙin mutane ne a ciki.

Wajen karatu, freeCodeCamp kyauta ne daga farko har ƙarshe kuma rubutu ne da gwaji, bai cin data kamar bidiyo. MDN na Mozilla shi ne inda ake duba ma'anar kowane abu, sannan DevDocs yana bari ka sauke bayanan ka karanta ko babu sabis, ni da datar dare nake saukewa. Akwai kuma shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ta hannun NITDA, in an buɗe rajista ka gwada sa'arka, ke ma ƙanwata ki gwada, aikin nan daga ɗaki ake yinsa. Su ChatGPT kuma ka tambaye su su yi maka bayanin layin da ba ka gane ba, amma in ka ce su rubuta maka duka, ranar da abu ya lalace ba za ka san inda za ka taɓa ba.

Za ka ji ana ta React, React, wani kayan aiki ne na haɗa fuskar manhaja. Kamfanin Facebook ne ya sake shi a 2013 kuma ana neman masu iya shi, gaskiya ne, amma a kan JavaScript aka gina shi, ni a ganina ka haɗa ƙananan abubuwa uku ko huɗu da zallar JavaScript tukuna.

Da ka gama, buɗe akawun a GitHub, shafin da masu koding ke ajiye aikinsu, ka ɗora fayil ɗinka, ka shiga saiti ka kunna Pages, cikin 'yan mintuna za su ba ka adireshi kyauta wanda kowa zai iya buɗewa. Tura shi ta WhatsApp ga wanda ka yi wa aikin, ka je ka tsaya a bayansa ka yi shiru ka ga inda yatsansa ke tsayawa. Ni a nan na gane Kawu bai san wanne akwati ne na tiya wanne ne na farashi ba, saboda ban rubuta komai a kansu ba, a daren na koma na sa wa kowanne suna da manyan baƙi.