Kurakuran da ke kashe daɗin Career Mode a gem ɗin UFC, da yadda za a gyara su

Ɗan wasana na farko a UFC 4, gem ɗin gasar faɗan keji ta UFC mai haɗa dambe da kokawa, ya yi faɗa goma sha tara ba a taɓa doke shi ba, ya ɗauki kambu, ni kuma na kashe gem ɗin ina hamma. Na daɗe ina cewa sashen Career Mode, inda kake rainon ɗan wasanka tun daga farko har ritaya, shi ne ba shi da armashi. Sai da na sake farawa sau uku sannan na gane da hannuna na cire masa gishirin.

Babban kuskure, wanda kusan kowa ke yi, shi ne gudun shan kaye. Mutum zai sa gem a mataki mai sauƙi, ko kuwa da ya ga an fara jibgar ɗan wasansa sai ya fita ya sake faɗan daga farko. To me ya rage? Dubi 'yan wasan gaskiya mana. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, yana gaba a maki har turmi na biyar a watan Agustan 2022, saura kamar minti ɗaya a tashi Leon Edwards ya sakar masa hauri a ka, kambu ya tafi. Israel Adesanya, wanda hotonsa ke bangon UFC 4 tare da Jorge Masvidal, ya rasa nasa kambun a hannun Alex Pereira a Nuwamban 2022, ya dawo a Afrilun 2023 ya sumar da shi a turmi na biyu. Da bai faɗi da farko ba, wa zai riƙa tuna ramuwar? Gyaran a nan shi ne ka ɗaga matakin wuya zuwa inda za a iya doke ka sau ɗaya cikin faɗa huɗu ko biyar, kuma in an doke ka, ka haɗiye. Ranar da mutumin da ya doke ka ya sake faɗo maka a jadawali, za ka ji tafin hannunka yana gumi.

Sai gaggawar shiga UFC. Gem ɗin yana fara ka da mai horarwa Coach Davis da ƙananan faɗa, sannan ƙaramar gasar WFA da Contender Series, gasar neman shiga UFC ta shugabanta Dana White. Da tayi ya zo, yawanci sai a karɓa nan take, a shiga cikin manya da ɗan wasan da bai ƙosa ba. Ka ɗan zauna a WFA tukuna, ka tara makin da ake inganta ɗan wasa da shi, ka san hannunka. Gaggawa aikin shaiɗan.

Wajen rabon makin nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan zan daɗe. Kowa yana son naushin da zai kwantar da mutum lokaci ɗaya, sai a zuba komai a ƙarfin duka. Turmin farko lafiya lau. A na biyu sai ka ga layin numfashi da ke saman allo ya tsuke, naushinka ya koma kamar ana kaɗa tsumma, ga kuma ɗan kokawa ya rungumo ƙafafunka ya shimfiɗa ka a gindin keji. Minti uku yana kanka, kana ta latsa madannai ba ka san hanyar tashi ba, har ya shaƙe ka. Haka aka yi wa ɗan wasana na biyu, faɗa biyu a jere. Kafin ka ƙara ƙarfin naushi, fara biyan numfashi da kariya daga kayarwa haƙƙinsu, ka kuma koyi tashi daga ƙasa a wajen atisaye tun kafin buƙatar ta same ka a keji. Wani abin da ake mantawa: a UFC 4 da UFC 5 kowane salon duka yana ƙara daraja ne gwargwadon yadda kake amfani da shi. Wanda ya koyi salo ashirin ya riƙa taɓa kowanne sama-sama, ba zai kai wanda ya riƙe biyar ya goge su ba.

Atisaye ma ana cutar da kai a cikinsa. Wasu suna shiga kamar ranar faɗan kambu, su sumar da abokin atisaye ko su kwaso rauni ana saura mako guda. Duk dukan da ɗan wasanka ya sha a faɗa kuma yana rage masa tsawon zamaninsa, don haka mai tsayawa a yi ta musayar naushi ba kariya zai yi ritaya da wuri. Ka lura da ma'aunin lafiyar jiki ya kai ƙololuwa daidai makon faɗa, ka ware 'yan maki ka kalli bidiyon abokin karawa.

Akwai kuma abin da ba a hannunmu yake ba. Rage nauyi kafin awo rabin wahalar sana'ar nan ne: a Mayun 2022 an karɓe kambun Charles Oliveira saboda ya haura laba 155, iyakar nauyin rukuninsa, da rabin laba kawai, amma ba za ka ɗanɗani wannan fargabar a gem ba. Kuɗi ma, da ka yi suna sai su taru ba abin yi da su. UFC Undisputed 3 na kamfanin THQ, wanda ya fito a 2012, ya bar mutum ya je sansanonin horo na gaskiya irin su American Kickboxing Academy ya koyi salonsu, har ya zama ɗan gida. Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya ji yadda ake zuga tsakanin Kudu da Arewa da Guramada ya san abin da sansani ke ƙara wa faɗa. A ganina, abin da masu yin gem ya kamata su dawo da shi ke nan kafin su ƙara kyan hoton jini da kumburin ido irin na UFC 5.

Kafin su yi, ni dokoki nake kafa wa kaina. Ɗan wasana na yanzu ɗan dambe ne zalla, ba ya kai kowa ƙasa, ba ya ƙin tayin faɗa, kuma in ya faɗi sau uku a jere zai sauya rukunin nauyi. Ya ci goma sha ɗaya, an ci shi huɗu, biyu daga ciki mutum ɗaya ne ya yi masa su, kuma shi zai sake haɗuwa da shi a faɗa mai zuwa.