Yadda na gyara farin da ya fito wa teburina bayan feshi

A tsakiyar Agusta na fesa wa wani teburin madobiya man sheƙi mai saurin bushewa. Kafin in ajiye bindigar feshi, fuskar katakon ta yi fari fat, sai ka ce hazon hunturu ya sauka a kai. Da farko na zargi mai kanti da sayar mini da gurɓataccen mai. Ashe na ɗauki alhakinsa ne.

Laima ce, wato danshi. Tina (ruwan da ake tsinka man da shi) mai saurin tashi kan sanyaya fuskar katako, raɓa ta zauna, man ya rufe ta a ciki. Da na kwance bawul ɗin ƙasan tankin kwamfuresa (injin da ke tura wa bindigar iska) kuwa, ruwa mai tsatsa ya zubo kusan rabin kofi. Wata biyu ban zubar ba!

Na sa matatar ruwa a bakin tiyo, na jira rana ta take, na ɗan goge da sanfefa mai lamba 400. Sannan na gauraya tina mai jinkirin bushewa kaɗan, na yi feshi siriri daga nisan taƙi ɗaya. Sabon shafin ya narkar da na ƙasa, farin ya ɓace, jan madobiyar ya dawo.