Yadda zaka zaɓi mashin matsakaici mai sauƙin kuɗi in kai sabon hannu ne

Yawancin masu neman shawara kan wannan magana iri ɗaya ne, mutum ya ɗan goge da Boxer ko Jincheng ko roba-robar gidansu, ya tara ƴan kuɗi, yanzu ransa na son abinda yafi wannan ƙarfi, wanda zai hau titin Kano zuwa Zariya da shi ba tare da tirela ta riƙa hura masa hon a ƙeya ba. Toh ba laifi bane. Matsalar kawai itace da yawa daga hoto suke fara zaɓe, su ga wani jan fawa baik a Facebook ko TikTok shikenan magana ta ƙare. Ga yadda ni nake ganin ya kamata abi abin daki-daki.

Da farko ka gane me ake nufi da matsakaici

A Turai da Amurka in ance matsakaici ma'auninsu daban ne da namu. A wajenmu kuwa da kusan kowa 100cc zuwa 150cc yake hawa (cc shine ma'aunin girman inji), duk abinda ya kama daga 200cc zuwa 500cc ya shiga wannan layi. Amma kada lambar cc ta ruɗeka, ƙarfin doki zaka duba. Boxer 100 ƙarfin dokinsa wajen 8 ne. Pulsar NS200 wajen 24. Yamaha MT-03 mai 321cc wajen 42, Kawasaki Ninja 400 wajen 45, Honda CB500F mai 471cc 47. Kaga daga 8 zuwa 45 ai ka ninka ƙarfin sau biyar da ɗoriya, wannan kaɗai ya isheka wasa na shekaru.

Inda ake halaka shine wajen 600. Dillali zai nuna maka Yamaha R6 ko Honda CBR600RR ɗan kwatano, tsoho, yace maka ai 600 ne kawai matsakaici ne, kuma wani lokacin farashinsa ma yafi na Ninja 400 sauƙi saboda ya kwana biyu. Waɗannan injinsu silinda huɗu ne, ƙarfin dokinsu ya haura 110, don filin tsere aka yisu, a giya ɗaya kaɗai suna wuce gudun kilomita 100. Sabon hannu akan R6 kamar ka ɗauko yaron da jaki kawai ya taɓa hawa ne ka ɗora shi akan ingarma ranar hawan daushe. Turawa ma da suke da titi mai kyau da makarantun koyon tuƙi sunyi doka akai, lasisinsu na A2 da ake bawa masu tasowa baya barin mutum ya hau abinda ya wuce ƙarfin doki 47, shiyasa ma Honda suka tsaida CB500 daidai kan wannan lambar. Kaima ka ɗauki 47 ɗin a matsayin iyakarka.

Na biyu, ka fara zuwa wajen bakanike kafin kaje wajen dillali

Wannan shine matakin da nafi baiwa muhimmanci kuma shine wanda mutane suka fi tsallakewa. Mashin ɗin da zaka siya ba wanda yafi kyau a duniya bane, wanda za'a iya gyara maka a garinku ne. Kaje wajen mai gyaran manyan mashina, ba wanda ke gyaran na ƴan acaɓa kawai ba, ka zauna akan bencinsa ka tambayeshi, Malam wane iri ne kafi gyarawa, wanne ne kayansa ke samuwa, wanne ne in ya shigo nan yake wata biyu a lulluɓe da buhu ana jiran kaya daga Legas. Ka ɗaga kai ka duba lungun garejin ma, waɗanda ƙura ta rufe tayarsu ta sace su zasu baka amsar da bakinsa bazai baka ba.

In ka bi ta wannan hanyar zaka ga zaɓin ya rabu gida uku. Akwai ƴan Indiya, Bajaj Pulsar da TVS Apache masu 160 zuwa 200cc, sai babban wansu Bajaj Dominar 400. Amfaninsu kamfanonin dama suna ƙasar nan da ƙarfinsu saboda Boxer da HLX da Keke, kanikawa basa jin tsoron buɗe su, kuma zaka iya samun sabo dal a kwali. Dominar ɗin injinsa 373cc ne, asalinsa daga na KTM 390 Duke aka samo shi, don KTM ɗin ma a masana'antar Bajaj ake ƙera shi kusa da garin Pune, sai dai Dominar yafi nauyi kuma yafi sanyin hali. Sai ƴan Caina masu 200 zuwa 250cc irinsu Qlink da Lifan da Haojue, su suka fi araha, da yawansu injinsu daga tsarin tsohon Honda CG aka kwaikwayo, don haka ko a ƙauye ka tsaya za'a samu mai taɓa maka, illarsu girgiza in ka dage totur a doguwar hanya da kuma notina da suke yawan kwancewa. Na uku ƴan Japan ƴan kwatano, Ninja 300 da 400, MT-03 da R3, CB500, da tsofaffin CB400. Wajen ƙarko babu kamarsu, amma ranar da famfon mai ko wani sensa ya mutu a nan zaka san ka sayi mashin, don abu ne da ba lallai ka samu a Fagge ko Panteka ba sai an aiko maka.

Ra'ayina, wanda kuɗinsa a ƙirge suke kuma mashin ɗin shine ƙafarsa ta zuwa aiki, ya tsaya kan ɗan Indiya mai 200cc. Wanda keda wani abin hawa a gefe kuma zai iya jure zaman jira, shi ya nemi ɗan Japan.

Na uku, lissafi

Kada ka zuba duk kuɗinka akan mashin ɗin. Farashi dai kullum bin dala yake, na wannan watan daban na wata mai zuwa daban, amma ko nawa ka tara ka ware wani kaso mai kauri gefe, saboda akwai la'adar dillali, akwai lamba da rijista da inshora, akwai hular kwano, sannan in na hannu ne kusan tabbas zaka canza baƙin mai da filogi da filta, wataƙila harda taya da sarƙa. Tayar baya ta Ninja 400 faɗinta milimita 150 ne, ba irin ta Boxer bace da zaka tsaya ko'ina ka siya, kuɗinta ma daban. Shan mai kuma, tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba abin rainawa bane, Boxer yana iya baka sama da kilomita 50 a lita ɗaya, mai 400cc kuwa ka sa rai da wajen rabin haka. In ka lissafa kaga bazaka iya ciyar dashi ba toh ka sauko ƙasa kawai, babu kunya a ciki.

Na huɗu, ka hau ka zauna

Ba tuƙawa ba tukunna, zama kawai. Ka ɗaga jak ka miƙar dashi ka ga ko ƙafafunka biyu suna taɓa ƙasa, aƙalla gaban tafin ƙafar duka biyun. Tsayin kujerar MT-03 milimita 780 ne, Ninja 400 785, KTM 390 Duke na shekarar 2017 zuwa 2023 kuwa 830, shi gajeren mutum zai sha wuya dashi a go-sulo. Honda Rebel 500 shine na gajeru, 690 kacal, amma cikinsa kusa da ƙasa yake, unguwar dake da manyan bam da kwatoci zai riƙa gogawa. Nauyi ma haka, Ninja 400 da MT-03 kilo 168 ne da mai a tanki, Dominar da Royal Enfield Classic 350 sun haura 180. Akan kwalta bazaka ji bambancin ba, sai ranar da zaka tura shi baya ka shigar dashi soro ta kan dakali, ko ya kwanta maka cikin yashi kai kaɗai ba mai tayaka ɗagawa.

Kuma ka fifita wanda ake zama a miƙe akan wanda ake kwanciya kan tanki. Masu rufin roba ɗinnan suna da kyau a hoto amma sabon hannu sai ya yar da mashin ko a tsaye ne, wannan ba baki nayi maka ba haka abin yake, kuma roba ɗaya in ta fashe samunta aiki ne, daga nan sai a koma ɗinki da waya. Wanda bashi da rufi liba ce kawai zata karye ko madubi.

Na biyar, birki

In da hali ka nemi mai ABS. Shi wannan tsarin yana hana taya cijewa in ka damƙe birki da ƙarfi cikin firgita, irin lokacin da akuya ko ɗan sahu ya faɗo maka ba sigina. Indiya tun 2019 ta tilasta shi akan duk sabon mashin da ya haura 125cc, Turai ma sun rigasu, amma na Amurka da waɗanda ake ƙerawa don kasuwar Afirka ba lallai su zo dashi ba, saboda haka kada ka yarda da bakin mai sayarwa. Ka duƙa ka duba faifan birkin gaba, in akwai ABS zaka ga wani ƙaramin zobe mai huji-huji a tsakiya da ƴar waya ta nufo shi. In ka kunna makulli fitilar ABS zata kama, in ka fara tafiya kaɗan ta mutu. In bata kama ba sam, ko ta kama taƙi mutuwa, akwai magana.

Na shida, duba na hannu

Ka tafi da bakanikenka, ka biyashi kuɗin yininsa, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo. Kuje da safe kuma kace kada a tada shi kafin kuzo. Kana zuwa ka ɗora bayan hannunka akan injin, in da ɗumi toh an riga an tada shi, kuma galibi don a ɓoye wahalar tashi ne ko wata ƙara da take ɓacewa in yayi zafi. A tada shi a gabanka ka tsaya ta bayan salansa, shuɗin hayaƙi yana nufin yana cin baƙin mai. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in kaga ya zama kamar shayi da madara toh ruwan lagireto ya haɗu dashi, ka juya kawai basai anyi ciniki ba.

Ka shafa yatsa jikin ƙarfen shokozoba na gaba, in ka ɗebo mai, toh sil ɗinsa ya tafi. Ka duba haƙoran siroket, in sunyi tsini sun lanƙwashe gefe ɗaya sai an canza su tare da sarƙar. Alamar faɗuwa kuma a ƙarshen hannu take da kan liba da matakin ƙafa da gefen salansa, ƴar gogewa ba komai bace, amma sabon fenti a gefe ɗaya ko walda a wuyan firem wannan babba ce, da yawa daga masu shigowa daga Amurka a gwanjon masu hatsari aka siyo su. Mitarsu ma mil take ƙirgawa, in kaga 20,000 ka ninka da 1.6, kilomita 32,000 kenan. Taya kuma akwai lamba huɗu a gefenta bayan rubutun DOT, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, misali 2319 mako na 23 ne a 2019, in ta haura shekara biyar ko zanenta bai cinye ba robar ta bushe. Bakanike ya ɗora mita akan batir, a kashe ya nuna wajen volt 12.6, a kunne 13.5 zuwa 14.5, in bai kai ba caji baya shiga.

Sai a zaga dashi. Giya ta shiga ɗaya bayan ɗaya ba tsalle, kuloci kada ya riƙa sulɓewa inji na ihu mashin baya gaba, kuma in ka ɗan sassauta hannu a miƙaƙƙen titi kada ya ja gefe. In mai ruwa ne a barshi a kunne a tsaye har fankar lagireto ta tashi da kanta, don zafin Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri baya yafewa mashin ɗin da fankarsa ta mutu.

Na bakwai, takardu

Lambar shasi galibi guda 17 ce a buge a wuyan firem, lambar inji kuma a jikin injin. Ka karanta su da kanka harafi bayan harafi ka gwada da na takarda, in kaga alamar an goge ko an sake bugawa ka bar wajen. Ɗan kwatano sai da takardar kwastan, na hannu sai da rasit na asali da takardar mallaka, kuma a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu da hoton katin shaidar mai sayarwa. Mashin ɗin sata arha yake zuwa, araha kuwa bata ado. Lasisin tuƙin mashin a Najeriya aji A ne, kayi shi. Ka kuma binciki dokar inda kake, Kano ta hana acaɓa tun 2013, jihohi irinsu Zamfara da Katsina sun sha sanya takunkumi kan mashina saboda tsaro, haka wasu yankunan Nijar kamar Tillaberi da Diffa.

Ranar da zaka ɗauko shi ka tafi da hular kwanonka mai rufe haɓa, sabuwa mai tambarin inganci na ECE ko DOT, ba ta gwanjo ba don baka san faɗuwa nawa ta sha ba, da safar hannu da takalmi sau ciki, babbar riga da silifas a barsu a gida don gefen riga na shiga sarƙa. Kafin ka shiga gari ka samu fili ko titin da ba mutane ka koyi birkin gaba, don yawancinmu da na ƙafa muka saba, alhali a irin waɗannan mashinan kusan kashi 70 na tsayuwa daga na gaba yake fitowa. Ka riƙa matsa shi da yatsu biyu a hankali sannan ka ƙara ƙarfi, ka fara a gudun 20, in hannunka ya faɗa ka koma 40, sannan 60.