Shimfiɗar linzami: inda masu wasan kwamfuta suka fi yin kuskure wajen saye

Saurayi zai shafe watanni yana tara kuɗi har ya sayi linzamin kwamfuta (mouse) mai tsada, ya kai gida ya ɗora shi a kan bangon littafi ko guntun kwalin taliya, daga baya ya dawo yana cewa jabu aka sayar masa, wai harbinsa ba ya sauka inda ya auna. Gyaran kwamfuta nake yi a Garwa, kuma irin wannan ƙorafi yana yawan zuwa teburina. Galibi linzamin lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ba a kula da shi ba.

Linzamin yanzu babu ƙwallo a cikinsa irin na shekarun 1990. Ɗan ido ne a ƙasansa da 'yar fitila. Fitilar tana haska wurin, idon yana ɗaukar hotuna dubbai a daƙiƙa ɗaya, yana gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi, da haka yake gane inda hannunka ya dosa da irin saurinsa. Ke nan dole ya sami abin gani. Gilashin tebur ba ya nuna masa komai, tebur mai sheƙi kuma yana maido masa da haske ya ruɗa shi, sai ka ga kibiyar da ke kan allo ta yi tsalle ko ta daskare. Tun da Microsoft ta fitar da linzaminta mai ido a 1999 aka fara cewa shimfiɗa ta zama tarihi. Ga mai buga takarda a ofis, maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Amma wanda yake farautar kan abokin gaba da bai fi ƙwayar gero ba a jikin allo, yana bukatar wuri guda mai laushi iri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, yau da gobe.

Kuskuren da na fi gani shi ne sayen ƙarama. Irin wadda ake haɗawa kyauta da kwamfutar gwanjo, faɗinta bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba, an yi ta ne don duba wasiƙu. Ka ɗauki wasan harbi na Counter-Strike 2, wanda ya fito a 2023. Yawancin gwanayen wasan suna sa linzaminsu a kan DPI 400 ko 800, wato ma'aunin saurin linzami. Wanda ya sa 800, ya bar saurin cikin wasa a kan 1, sai ya ja hannunsa wajen santimita 52 kafin mutuminsa ya kewaya ya dawo inda ya tashi. Waiwaye kawai, don ya ga wanda ke bayansa, santimita 26 ne. Ina za a sami wannan fili a kan 'yar shimfiɗar ofis? Wani yaro ya taɓa kawo mini tasa da linzaminsa, ya ce: "Kawu, duba min, da na juya sai ya ƙi tafiya." Na ce ya zauna ya yi wasan a gabana. Ana biyo shi ta baya sai ya fizgi hannu, rabin linzamin ya sauka daga bakin shimfiɗar ya hau katako, ya ɗaga ya mayar tsakiya, kafin nan an gama da shi. Abin da ya fi ba ni tausayi, don ya tsira daga faɗowa sai ya ƙure saurin linzamin, har ya zama motsin yatsa kaɗan yana juya shi gaba ɗaya. Ya sami fili, ya rasa saiti.

Gane girman da kake bukata ba ya cin ko sefa ɗaya. Ka shiga wasan da ka fi bugawa, ka fuskanci kusurwar wani bango, ka ja linzami a hankali a kan tebur har ka kewayo ka sake fuskantar kusurwar, sannan ka auna nisan da abin awon tela. Shimfiɗarka ta fi rabin wannan nisa faɗi sosai, in da hali ta kusa kai shi duka. Kamfanoni sun saba da girma uku: matsakaiciya wajen santimita 32 da 27, babba wajen 45 da 40, sai doguwa mai 90 da 40 wadda allon rubutu ma yake hawa. SteelSeries tana da QcK a waɗannan girma, Logitech kuma G640 ɗinta 46 da 40 ce, G840 kuwa 90 da 40. Ga mai wasan harbi, ko Valorant ne, ko Free Fire da PUBG da samarinmu suke bugawa a kwamfuta ta manhajar kwaikwayon waya, ni babba nake ba da shawara. Mai League of Legends ko Dota 2, wanda yawancin motsinsa daga wuyan hannu ne, matsakaiciya ta ishe shi. Wanda kuwa wasansa ƙwallon ƙafa ne da abin riƙewa a hannu, ya adana kuɗinsa.

Sai dai ka auna teburinka ma kafin ka tafi kasuwa. Doguwa a kan ƙaramin teburin ɗalibi takan zubo ta gefe, tana jan kanta ƙasa.

Daga nan sai maganar santsi. Da yawa suna zaton wadda ta fi sulɓi ita ta fi kyau, suna shafa ta da yatsa a shago, in ta yi santsi su biya. Tura linzami rabin aiki ne, tsayar da shi daidai inda kake so shi ne ɗaya rabin, kuma shi ya fi wuya. Shimfiɗar yadi tana ɗan riƙe linzami, idan ka danna kaɗan sai ya nutse ya tsaya. Mai tauri, ta roba ko ta gilashin da aka sarrafa musamman don wasa, tana sakin sa ya yi ta gudu, sai hannunka ne kaɗai birki. Shi ya sa a baya kamfanin Razer ya daɗe yana fitar da shimfiɗarsa Goliathus iri biyu, ɗaya don gudu, ɗaya don riƙo. Wasan da ake laɓewa a jira kai ya leƙo, a harba sau ɗaya, yana son riƙo. Wasan da ake bin mutum da bindiga yana gudu yana tsalle, yana son sulɓi. Sabon shiga ya fara da yadi mai matsakaicin santsi. In ya yi watanni hannunsa ya faɗa, da kansa zai gane ta wane gefe yake son ƙari.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne yanayin garinmu, don masu gwada kaya a YouTube yawancinsu a ɗaki mai na'urar sanyi suke, tagoginsu a rufe. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce take ɗebo ƙura daga Sahara, kuma kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Mutanen Njamena da Kuseri da Marwa su ne a bakin hanyarta. Ka share tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. A kan shimfiɗa mai tauri, wannan ƙura tana shiga tsakanin ƙafafun linzami da fuskar shimfiɗar, ka riƙa jin ƙaras-ƙaras, tana cin ƙafafun, tana karce fuskar. Mai irin wannan sai ya goge ta duk lokacin da zai zauna. Yadi ya fi haƙuri, yana haɗiye ƙurar a cikin saƙarsa, amma yana tara ta. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: lokacin hunturu kowa yana shafa basilin ko man kaɗanya don kaushi. Man yana sauka a kan yadin, ƙura ta manne masa, cikin makonni kaɗan tsakiyar shimfiɗar ta yi dauɗa mai danƙo, linzami ya yi nauyi a nan, ya yi sauƙi a gefe. Hannu kuwa ba ya iya sabawa da wuri mai hali biyu. Ka wanke hannu har zuwa gwiwar hannu kafin ka zauna, in ka tashi kuma ka rufe shimfiɗar da tsohon zane ko ka kife ta.

Bazara tana zuwa da nata. A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, Njamena ma haka a Afrilu da Mayu. Gumi yana jiƙa yadi, dantse yana mannewa, musamman a kan mai tauri inda fata take kamawa. In kana yawan zufa, nemi saƙa mai ɗan kaushi wadda ba ta shan ruwa da sauri, irin yadin Cordura da ake ɗinka jakunkuna da shi, ko ka sa riga mai dogon hannu marar nauyi don dantsen ya riƙa zamewa. Zafi kuma yana lalata robar ƙasa. Kada ka bar shimfiɗa a bakin taga rana tana dukanta, kada ka ajiye ta inda kwamfutar cinya take fesar da iska mai zafi. Da damina, ko ga mutanen Ngaundere da suke kan tudu, ruwansu kuma ya fi namu daɗewa, danshin iska yana sa wasu shimfiɗun yadi masu laushi su yi nauyi. In ka ji haka a watan Agusta, kada ka yi saurin taɓa saitin wasanka, iska ce.

Akwai kuma sayen ido. Zanen dodo, hoton ɗan ƙwallo, fitilu masu canza launi a kewaye. Ban hana kowa kwalliya ba, amma a kan masu araha zanen yakan zama fenti ne aka shafa a saman yadi, inda fentin ya yi kauri santsinsa daban, kuma shi yake fara goguwa. Mai fitila tana cinye maka ramin USB guda, ba a tsoma ta a ruwa, bakin da fitilar take bi yana da tauri yana cin hannu, ga kuɗinta ya fi. A garin da ƙura take tilasta wanki, shimfiɗar da ba ta wankuwa asara ce. Baƙa wuluk, ko mai launi ɗaya, ita ce ta fi kwanciyar hankali.

Sunan kamfani ma kada ya ruɗe ka. Kayan da ke iso mana ta Duwala, ko ta kan iyakar Nijeriya, ko daga Dubai da Sin, akwai na gaske akwai jabu, kuma buga tambari a kan yadi ba wuya. Ka ce wa mai shago: "Alhaji, a buɗe min in gani." In ya yarda, shimfiɗa ta a kan kanta, ka tura ta da tafin hannu. Mai kyau tana kama tebur, ba ta motsi. Shinshina robar, sabuwa tana da ɗan wari, amma wadda warinta yake hawa kai kamar tayar da aka ƙona, bar ta. Duba baki: ɗinkin gefe yana hana yadi rabuwa da roba, sai dai in ɗinkin ya tashi sama da fuskar shimfiɗar, zai riƙa goge maka wuyan hannu. Bi shi da yatsa ka ji. Marar suna wadda ta ci waɗannan gwaje-gwaje ta fi mai babban suna da ta faɗi.

Kauri ya danganta da teburinka. Tebur mai laushi sumul, milimita 2 ko 3 ta isa. Teburin kafinta mai gaɓoɓi da kan ƙusa, ko na roba mai ramuka, yana son 4 zuwa 6 don ta shanye tudu da kwari. Masu ɗora kwamfuta a kan katifa ko tabarma, babu kaurin da zai cece su, sai su sami faffaɗan katako mai laushi su sa a ƙasa. Irin mai ɗan matashi a gaba kuwa ta ofis ce, tana kafe wuyan hannu wuri ɗaya, alhali wasa yana son dantse ya yi yawo.

Wanki shi ne inda ake kashe shimfiɗa mai kyau. Ana jiƙa ta da garin sabulun wanki mai ƙarfi ko ruwan bilic, a dirje da buroshin wanki, a murɗe, a shanya a kan igiya da tsakar rana. Buroshi yana tayar da gashin saƙar, murɗa tana raba yadi da roba, rana tana busar da robar ta tsage ko ta lanƙwashe. Ruwa mai ɗan ɗumi za ka zuba a baho, ka ɗiga sabulun wanke kwanuka kaɗan, ka bar ta ta jiƙa na 'yan mintuna, ka shafa da soso mai taushi. Ɗauraye ta har kumfa ta ƙare, ka danne da tawul ya tsotse ruwan, ka shimfiɗa ta a inuwa. Ko sama ta bushe, ba ta kwana ɗaya, don robar tana riƙe ruwa. In za ka tafi da ita gidan aboki, naɗe ta fuskar yadin tana waje, kada ka ninke.

Kafin ka yanke cewa shimfiɗarka ta mutu, kifa linzamin ka duba ƙafafunsa. Waɗannan 'yan faifai na Teflon, wata roba mai sulɓi, su ne suke taɓa shimfiɗa. In sun cinye har robar jikin linzamin tana goga, ko sabon linzami ne ba a ɓare siririyar ledar da ke kansu ba, kowace shimfiɗa za ta yi maka nauyi. Ana sayar da na canji. Ka hura ramin idon ma, gashi guda ɗaya ya isa ya sa kibiya rawa. Idan ƙafafu lafiya, ido fes, ka wanke shimfiɗar ta bushe, sai ka tura linzami da yatsa ɗaya daga gefe ya ratsa tsakiya. In ka ji ya ci birki a tsakiya, ko wurin ya yi sheƙi, saƙar ta gaji. Juya ta, gefen da yake nesa da kai ya dawo kusa, za ta ƙara maka 'yan watanni kafin ka tara kuɗin sabuwa.